Ibn Khaldun a Sansanin Timur

A farkon shekarar 1401 aka ɗaura wa wani dattijo mai shekara 68 igiya, aka zurara shi daga saman ganuwar Dimashƙa. A ƙasa rundunar Timur ce ta yi wa birnin ƙawanya. Sarkin Masar, Faraj, wanda ya zo kare garin, ya riga ya juya Alƙahira da jin ƙishin-ƙishin ana ƙulla masa makirci a gida, ya bar malaman da suka rako shi su san inda dare ya yi musu.

Dattijon shi ne Ibn Khaldun, haifaffen Tunis. Tun a 1377, a wata ƙauyen ganuwa da ke ƙasar Aljeriya ta yau, ya rubuta Muƙaddima, inda ya bayyana cewa tushen mulki shi ne asabiyya, wato danƙon zumunta da ke sa jama'a su mutu wa juna. Mutanen jeji, waɗanda wahala ta haɗa kansu, su ne ke cin birane. Da sun zauna sai daɗi ya ratsa su: 'ya'ya su gaji sarauta, jikoki su gaji ƙawa kawai, haraji ya yi nauyi, a koma hayar sojoji. Ya ƙiyasta cewa daula ba ta cika wuce zuriya uku ba, kimanin shekara 120.

To, ga abin da ya rubuta nan zaune a gabansa cikin tanti, yana miƙo hannu a sumbata.

Sun yi kusan kwana 35 suna ganawa ta bakin tafinta. Timur ya yi ta tambaya a kan Magrib, biranenta da hanyoyinta, har ya umarce shi ya rubuta masa bayaninta. Mayaƙi irin wannan ba don sha'awar ilimi yake tambayar hanya ba, kuma malamin da ya yi wa fadoji da dama hidima, har ya ɗanɗana kurkuku a Fas, ba zai kasa gane haka ba. Duk da haka ya rubuta. Ya samo wa abokansa takardar aminci, Timur kuma ya sayi alfadarinsa.

Birnin dai bai tsira ba. An washe shi, wuta ta ci Masallacin Banu Umayya. Da Ibn Khaldun ya koma Alƙahira sai ya aika wa sarkin Fas wasiƙa, ya zayyana masa Timur da ƙarfin rundunarsa. Timur bai taɓa nufar Magrib ba. Ya mutu a 1405 a kan hanyarsa ta zuwa yaƙar Sin.