Makiyaya, yuraniyom da dokar karkara a ƙasar Arlit

Lokacin da aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, sannan COMINAK a 1974, an ɗauki filayen yammacin duwatsun Abzin tamkar dajin da ba shi da mai shi. Alhali makiyayan Abzinawa sun san rijiyoyinsa da kwarurrukansa; ƙasarsu ce, «akal» da Tamajak. Ba da su aka yi shawara ba kafin a fara jan ruwan Tarat, tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda damina ba ta cika mayar da shi ba.

Sai a 1993 doka mai lamba 93-015 ta shigo da kalmar «terroir d'attache», wato mazaunin da makiyayi yake komawa, ta kuma tanadi kwamitocin filaye masu wakilan makiyaya. Amma mu lura: fifikon amfani aka ba makiyayi, ba mallaka ba, kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. A ganinmu, wakilin da ake fassara wa wannan bambanci daga Faransanci a tsakiyar taro shaida ya zo yi, ba shawara ba.

An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, aka bar tarin sharar ma'adini wajen tan miliyan 20 kusa da Akokan.