Daga Akwatin Sulalla zuwa Gidan Gem

A shekarar 1972 wani sabon kamfani mai suna Atari ya ajiye akwatin katako mai ɗauke da talabijin a wata mashaya da ke garin Sunnyvale a jihar Kaliforniya. Wasan da ke ciki sunansa Pong, kuma ba shi da wani ado: sanduna biyu farare, da ɗigo ɗaya da ke kai da kawo a tsakaninsu. Ba a jima ba mai mashayar ya kira Allan Alcorn, injiniyan da ya haɗa shi, ya ce na'urarsu ta lalace. Da Alcorn ya buɗe sai ya tarar lafiyarta lau, sulalla ne suka cika ma'ajiyar kuɗin har suka toshe hanya.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin nan shi ne Pong ba ya buguwa sai da mutum biyu. Haka ma wasu magabatansa: wasan tenis ɗin da William Higinbotham ya haɗa a 1958 don nishaɗantar da masu ziyarar ɗakin binciken Brookhaven, da Spacewar! na su Steve Russell a jami'ar MIT a 1962. Duk sai da abokin karawa. Hoton da iyaye ke da shi a rai yanzu, na yaro shi kaɗai a ɗaki ya ƙura wa allo ido, daga baya ya zo. Asalin abin kusa yake da dara a gindin bishiya: mutum biyu na gwabzawa, goma na tsaye suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

Ko da aka zo zamanin wasan da mutum ke karawa da na'ura, sai da aka nemo wa 'yan kallo gurbi. Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙirƙira wa kamfanin Taito a 1978, yakan bar maki mafi yawa a saman allo, duk wanda ya zo sai ya gani. Shekara guda bayan haka Asteroids ya ba gwani damar rubuta haruffa uku na sunansa. Haruffa uku kacal, amma samari sun ƙarar da kuɗin aljihunsu don su goge na wani su sa nasu. Akwai kuma wani abu da Nishikado ya tsinta ba da niyya ba: na'urarsa ba ta da ƙarfi, don haka da zarar an rage yawan dodannin sai sauran su ƙara sauri. Ya bar shi haka. Da wannan aka gane sirrin da masu ƙera wasanni ke ci da shi har yau, wato wahala ta riƙa hawa daidai da gwanintar mai wasa, kada ta yi sauƙin da zai gundure shi, kada ta yi tsananin da zai kore shi.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. Pac-Man a 1980, wanda Toru Iwatani ya tsara da nufin jawo mata cikin harkar. Kasuwar wasanni ta Amurka ta durƙushe a 1983 saboda tarin wasanni marasa inganci, kamfanin Nintendo ya farfaɗo da ita da Super Mario Bros. na 1985. Tetris kuwa a Mosko aka haife shi a 1984, a hannun Alexey Pajitnov, kuma kwaikwayonsa ne ya iso hannun da yawa daga cikinmu a 'yar na'urar roba mai batir biyu da ake sayarwa a kasuwa. Sai wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, Nokia 3310 ta zo da wasanta na maciji. Dattawan da ke yi wa yara faɗa a kan gem, na sha ganin su a zaure suna fama da macijin nan kada ya ciji jelarsa.

Amma makarantar da ni na koyi abin da gem ke ba mutum ita ce gidan gem na unguwarmu, zamanin PlayStation 2, wadda ta fito a 2000. Shago ne ƙarami, talabijin uku, benci biyu, labule a ƙofa, janareto na kuka a waje. Ƙwallon Winning Eleven na Konami ake bugawa, mai sharhi na ta ihu da Japananci ba wanda ke ji, ba wanda ya damu. Ƙa'ida ɗaya ce: wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna. Kowa Brazil yake so ya ɗauka, ya cire Roberto Carlos daga baya ya kai shi gaba saboda gudunsa da ƙarfin ƙafarsa, har aka kai ga hana wannan dabarar in ana son zaman lafiya. Ƙananan yara na raɓe a bango suna roƙo: "Yaya, don Allah ka bar mini rabin lokaci." Mai shago kuwa ba ya ɗaga kai daga littafinsa: "Kai, ka biya na ɗazu tukuna."

Akwai wani yaro ɗan tallan rake da ke zuwa bayan la'asar. A waje ba wanda ke tanka masa. In ya zauna a bencin nan kuwa, 'ya'yan masu kuɗi layi suke bi ya lallasa su ɗaya bayan ɗaya, har ana kiransa Oga. A nan na fahimci cewa allon bai san ɗan wane ba. Ba a neman hanya, ba a kai takardar wani babba. In ka iya ka ci, in ka faɗi asararka 'yan nairori ne, ka sake gwadawa. Wurare nawa ne a rayuwar saurayi ke yi masa wannan adalcin? Wani masani, Richard Bartle, ya kasa 'yan wasa gida huɗu a 1996: masu neman cin nasara, masu son leƙe-leƙe, masu zuwa don hira, da masu jin daɗin murƙushe wasu. Duk huɗun suna shagon nan, har da na biyar da bai ƙirga ba, wanda ya gudo daga aiken gida.

Ba zan yi wa harkar kwalliya ba. An yi fashin makaranta saboda ita, an taɓa kuɗin cefane. Kuma lamarin ya ƙara nauyi tun da gem ya koma waya. A da mai shago yakan kashe janareto ya kore mu. Wasannin yanzu irin su Candy Crush na 2012 da PUBG Mobile na 2018 kyauta ake sauke su, ba ƙofar da ake rufewa, kuma an gina su ne don ka dawo gobe, ka sayi riga ko ƙarin dama. Sirrin nan na Nishikado an mayar da shi ƙugiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin kundin cututtukanta a 2019, tare da bayanin cewa kaso kaɗan na masu wasa abin ke kamawa.

Shagon unguwarmu yanzu ana cajin waya a cikinsa. Kwanan baya na leƙa ɗakin ɗan yayana na same shi kwance shi kaɗai, waya a hannu, abin ji a kunne, sai na fara shirya masa huɗubar zaman kaɗaici. Kafin in buɗe baki ya daka tsawa: "Ka tsaya a bayan ginin, ga ni nan zuwa!" Na ce da wa kake? Ya zare kunne ɗaya ya ce, "Kawu, mu huɗu ne, ɗaya a Zinder yake. Ka bari a gama, za a kashe mu."