Gidan kangararru

Gidan kangararru (suna, namiji; jam'i: gidajen kangararru). Wurin da hukuma ke tsare yaran da suka yi laifi ko suke jiran shari'a, nesa da manyan fursunoni, ana koya musu karatu da sana'a irin su kafinta da ɗinki. Na Kano yana Goron Dutse, na tarayya mafi kusa kuma yana Kakuri, Kaduna.

Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana haɗa yara da manya a kurkuku, amma doka ba ta gina ɗaki. Yaron da aka kama da satar waya ranar kasuwar Wudil, sai dai a kwashe shi zuwa birni, inda zuwan uwarsa dubiya kan ci kuɗin mota da yini guda. Shi ya sa ƙara irin waɗannan gidaje a wajen birni ya zama dole. Masu ja suna cewa duk gadon da aka ƙara alƙali zai cike shi, kuma suna da hujja. Maganin wannan shi ne beli da saurin shari'a. Iyayen da suka rasa gidan hukumar da za su kai kangararrun 'ya'yansu kuwa, makarantun mari suke nufa, irin wadda 'yan sanda suka fasa a Rigasa a 2019, suka tarar da yara cikin sarƙa.