Belle Vue: Filin da Ya Haifi Tseren Karnuka a Birtaniya

A unguwar Gorton da ke gabashin Manchester, a bakin titin Kirkmanshulme Lane, nan ne tseren karnuka irin na zamani ya fara a Birtaniya. Filin Belle Vue ya yi shekara 94 yana aiki, daga 1926 zuwa 2020, kuma duk wanda ya bi tarihinsa zai ga yadda doka da aljihun talaka suke ɗaga sana'a, su kuma sauke ta.

Tun kafin a gina filin, Turawan Ingila sun daɗe suna gasa da karen da suke kira greyhound, dogon kare mai siririn ƙugu da faɗin ƙirji, wanda yake farauta da ido, ba da hanci ba, kamar karen Azawak na Buzaye. Gudunsa yakan kai kilomita 70 a awa. A wancan zamani zomo mai rai ake saki a fili, karnuka biyu su bi shi, kuma wasan ya fi zama na masu gonaki da masu hali. Wani Ba'amurke, Owen Patrick Smith, shi ya sauya lamarin da ya ƙera zomon bogi da inji yake ja a kan dogo. A 1919 aka buɗe filin farko mai irin wannan zomo a Emeryville ta jihar Kalifoniya. Tun da zomon inji ba ya kaucewa hanya, sai ya yiwu a kewaye fili, a kafa rumfunan zama, a sa mai karɓar kuɗi a ƙofa.

Wani ɗan kasuwar Amurka, Charles Munn, ya kawo dabarar Ingila. Shi da Manjo Lyne-Dixson, sananne a harkar karnukan farauta, sun sha yawon neman masu zuba jari kafin su haɗu da Birgediya Janar Alfred Critchley, da Sir William Gentle, tsohon shugaban 'yan sandan Brighton. Suka kafa kamfanin Greyhound Racing Association, suka tara fam 22,000, suka zaɓi Manchester. Zaɓin yana da dalili. Gari ne na masaƙu da masana'antu, cike da leburori, ga kuma lambun shaƙatawa da gidan namun daji na Belle Vue a maƙwabtaka, inda jama'a suka saba zuwa tun 1836.

Ranar Asabar 24 ga Yulin 1926 aka buɗe. Mutum kusan 1,700 ne suka zo, adadin da bai kai abin da masu filin suka sa rai ba. Wani kare mai suna Mistley ya lashe tseren farko na yadi 440 cikin daƙiƙa 25. Labari ya bazu a masana'antu da mashaya, kafin bazarar ta wuce 'yan kallo sun haura dubu goma a zama ɗaya.

Me ya jawo su haka? Dokar 1906 ta hana yin caca da tsabar kuɗi a kan titi. Mai kuɗi yana iya yin tasa bashi ta wayar tarho, ko ya tafi filin sukuwa da rana tsaka. Lebura ba shi da tarho, ba shi da hutun rana, ba shi da kuɗin jirgin ƙasa zuwa wajen gari. Belle Vue ya kawo masa fili a cikin gari, da dare bayan an tashi aiki, ƙarƙashin fitilun lantarki, a kan kuɗin shiga kaɗan. Tsere ɗaya bai cika rabin minti ba, a dare guda kuma ana yin da dama. Limaman coci da wasu 'yan majalisa sun yi ta kukan cewa albashin magidanta yana ƙarewa a bakin shinge, kuma kukan nasu yana da tushe.

Nasarar Manchester ta buɗe ƙofa. A 1927 kamfanin ya shiga Landan da filin White City, inda aka fara babbar gasar Greyhound Derby. A 1928 aka kafa hukumar da ke tsara dokokin wasan, a shekarar ce kuma 'yan tseren babura suka fara wasa a filin Belle Vue, kafin su koma filin Hyde Road a 1929. Dokar 1934 ta halatta na'urar tara kuɗin caca a filayen karnuka, ta kuma ƙayyade ranakun tsere. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, harkar ta kai ƙololuwa, ana sayar da tikiti miliyoyi barkatai a faɗin ƙasar.

Dokar da ta ɗaga filin, irinta ce ta karya shi. A watan Mayun 1961 aka halatta shagunan caca a titunan Birtaniya. Mai son caca ya daina buƙatar tsayuwa cikin sanyi, ga talabijin ya shiga gidaje, daga baya intanet ta kai cacar har cikin aljihu. Filaye suka riƙa faɗawa hannun masu gine-gine: White City a 1984, Catford a 2003, Walthamstow a 2008, Wimbledon a 2017. Belle Vue ya jure, har ya gāji manyan gasanni irin su Laurels da Gold Collar, 'yan babura na Belle Vue Aces ma suka dawo a 1988 suka zauna har ƙarshen 2015. Sai dai rumfuna sun yi ta raguwa da mutane, kuma yawancin tseren ya koma na haskawa a shagunan caca.

Akwai kuma batun kare kansa, wanda aka daɗe ba a waiwaye shi ba. Karen tsere yakan gama aiki yana ɗan shekara huɗu ko biyar, alhali yana iya rayuwa fiye da goma. Karaya a kan kwana ba baƙon abu ba ce, kuma rahotannin jaridu a 2006 sun fallasa yadda ake kashe waɗanda suka daina kawo kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An kafa asusun nema wa tsofaffin karnuka gidaje tun 1975, an yi dokar kula da lafiyarsu a 2010, amma masu kare haƙƙin dabbobi sun ci gaba da zanga-zanga a ƙofar Belle Vue shekara da shekaru.

A 2014 aka sayar da filin ga asusun fansho na Crown Oil. A Disambar 2019 majalisar birnin Manchester ta amince a gina gidaje a wurin, annobar korona ta zo ta ƙarasa abin da ya rage, aka sanar da rufewa a Agustan 2020, aka fara rushewa a 2021.

Tsofaffin Gorton suna da haƙƙin kewar wurin da kakanninsu suka huta bayan wahalar masaƙa, kuma ma'aikatan da suka rasa abinci sun cancanci tausayi. Amma tarihin ya nuna cewa caca ce ginshiƙin ginin tun ranar farko, shi ya sa da ta sami wani masauki, babu abin da ya iya riƙe shi. Gwamnatin New Zealand a 2024 da ta Wales a 2025 sun sanar da shirin hana wasan baki ɗaya, kuma hujjar da suka kafa ita ce wahalar da karnukan suke sha.