Daga Gidan Yari zuwa Gidan Gyaran Hali

Mu ƴan Ɗan Barto, da ke bakin iyaka, suna uku muke ji ana kiran wuri ɗaya da su. A Matameye da Damagaram a ce gidan kaso, kalmar da muka aro daga bakin Faransawa, ma'anarta ɗan ɗakin duhu. Ka tsallaka Daura, sai ka ji gidan yari, don Yari shi ne mai tsaron ɗaurarru a fadar sarakunan da. A 2019 kuma Najeriya ta sauya dokarta, sai rediyo ya koma cewa gidan gyaran hali. To, sauya suna ba wuya. Da me ake gyaran?

Ɗaya daga amsoshin da tarihi ya bayar ita ce wasan kwaikwayo. A tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, fursunonin siyasa sun yi wasan Antigone, Nelson Mandela ya fito a sarki Creon. Ka duba fa: ɗaurarre ne ya hau kujerar mai ɗaure mutane! A Italiya, ƴan'uwa Taviani sun ɗauki fursunonin Rebibbia suna koyon wasan Julius Caesar, fim ɗin ya ci babbar kyautar Berlin a 2012. A Amurka kuwa, tun 1996 ake da shirin wasan kwaikwayo a kurkukun Sing Sing. Fim ɗin da aka yi a kansa a 2023, banda Colman Domingo da wasu ƙalilan, tsofaffin fursunoni ne ƴan wasansa. Clarence Maclin ma kansa ya fito, da sunansa.

Mene ne sirrin? Kaso yakan ƙwace wa mutum suna, ya bar shi da lamba da laifi. Dandali kuwa aron suna yake ba shi. Dole ya haddace, ya jira a gama magana kafin ya yi tasa, ya yi fushi ba tare da ya kai hannu ba. Wanda ya saba da wannan, in ya fito, ya san yadda zai tsaya gaban mutane.

Mu ba baƙin wannan sana'a ba ne. Iyayenmu sun yi dariya sun ɗauki darasi a wasannin su Yazi Dogo da na samariya. Kuma a 2021 Aisha Macky, ƴar Damagaram, ta fitar da fim ɗinta Zinder, inda matasan Kara-Kara da gari ke tsoro suka faɗi labarinsu da bakinsu, duniya ta saurara. Ashe abin da suka rasa mai sauraro ne.

Ƴan'uwa ɗalibai, masu zaman kaso da yawa sa'o'inmu ne, kuma gida za su dawo, unguwa ɗaya da mu. Ƙungiyoyin wasanmu na makaranta su nemi izini su shiga wurinsu. Tabarma ta ishe mu dandali.