Tarihin Killace Ƙwayar Zarra a Daskararriyar Iskar Gas

Killace ƙwayar zarra dabara ce ta binciken kimiyya inda ake garwaya ƙwayoyin da ake son nazari da iskar argon, niyon, kirifton ko zinon, a fesa su kan gilashi mai tsananin sanyi, su daskare tare. Da wuya waɗannan iskoki su haɗu da wani sinadari, kuma ƙanƙararsu garau take, haske na ratsa ta. Argon kan daskare a kusan digiri 189 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas. Kowace ƙwaya sai ta maƙale ita kaɗai, kamar gyaɗa a cikin alewa, a haska ta, a karanta launukan da take sha ko fitarwa.

A 1924 Lars Vegard, ɗan ƙasar Norwe, ya yi nazarin hasken daskararriyar naitirojin a Leiden. Amma dabarar ta kafu ne a 1954, lokacin da George Pimentel da abokan aikinsa suka bayyana ta a Berkeley ta Amurka. Burinsu shi ne su riƙe sinadaran da kan watse cikin ƙiftawar ido. Ta wannan hanya ce masana a Jami'ar Helsinki suka haɗa sinadarin farko mai ɗauke da argon a 2000.

Masana kimiyyar fiziks kuwa wani abu ya ja su. Cibiyar wasu ƙwayoyi tana da juyin da ke mai da ita ɗan ƙaramin maganaɗisu, kuma tun 1950 Alfred Kastler na Faransa ya kawo dabarar jera ire-iren waɗannan maganaɗisai da haske su fuskanci gefe guda. Matsalar ita ce maƙwabta masu maganaɗisu kan rikita jerin nan da nan. A nan argon ya ciri tuta, domin kusan duk cibiyoyinsa ba su da juyi ko kaɗan.

A 1990 ayarin William Happer a Princeton ya samar da daskararren zinon mai jerarrun cibiyoyi ta amfani da leza, daga baya aka ga jerin na iya kwanaki bai lalace ba a matsanancin sanyi. A 2013 ayarin Jonathan Weinstein a Nevada ya jera juyin rubidiyam a cikin argon. Aiki mafi ban sha'awa ya zo a 2019, lokacin da masana a Kolorado suka ɗauki hoton ƙwayoyin bariyam ɗaya bayan ɗaya a cikin daskararren zinon, don taimaka wa neman wani nau'in rushewar cibiya da har yau ba a tabbatar da shi ba.