Yadda Rogo Ya Baro Burazil Ya Zama Garin Kwaki

Yarinyar da ke tallan dafaffen rogo a bakin tasha, tana barbaɗa masa garin ƙuli da yaji tana ɗiga ɗan man gyaɗa, da wuya ta yarda cewa abin da ke kan farantinta baƙo ne. Gero da dawa 'yan gida ne tun kaka da kakanni. Shi kuwa rogo, asalinsa dazukan Amazon ne a Kudancin Amurka, inda mutanen yankin suka shafe dubban shekaru suna nomansa kafin Turawan Fotugal su ɗauko shi daga Burazil a ƙarni na 16, su sauke shi a bakin kogin Kwango da gaɓar Afirka ta Yamma.

Da farko bai samu karɓuwa sosai a wannan yanki ba, kuma da dalili. Rogo iri biyu ne: mai zaƙi, wanda ake dafawa a ci, da mai ɗaci, wanda ke ɗauke da dafin sayanayid mai yawa. Wanda ya ci mai ɗacin ba tare da an sarrafa shi ba, jiri da amai ne mafi sauƙin abin da zai same shi. Mutanen Amazon sun daɗe da sanin maganin abin. Sukan goge saiwar, su cusa ta cikin wani dogon saƙaƙƙen kwando mai suna tipiti, su matse ruwan dafin, sannan su soya garin a kan wuta. Itacen ya riga wannan ilimi isowa. Sai a ƙarni na 19, lokacin da 'yantattun bayi, waɗanda Yarabawa ke kira Aguda, suka dawo daga Burazil suka zauna a Legas da Wida, sana'ar yin gari ta bazu a gaɓar teku. Har yau hanyar ba ta canja ba: a fere, a markaɗa, a zuba a buhu a danne da dutse ko jak kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, a tankaɗe, a soya a faffaɗan kasko. Mai launin rawaya manja aka sa masa.

Jirgin ƙasa da manyan motoci ne suka haura da garin zuwa Arewa, yunwa kuma ta buɗe masa ƙofa. A Nijar, Zabarmawa sun laƙaba wa yunwar shekarun 1950 sunan shekarar gari, don shi ne ya riƙe mutane da rumbuna suka ƙare. Watakila shi ya sa har yanzu wasu ke yi wa kwaki kallon abincin babu, duk da cewa kwaɗonsa da tumatir da albasa da ƙuli ya fi wasu girke-girken masu tsada daɗi. Daga baya rogo ya shige tukunyar Bahaushe ko'ina: teba, tuwon alabo, ƙosan rogo, ɗanwake, har da sitacin da ke tsayar da babbar riga.

A shekarun 1970 rogo ya tsallake rijiya da baya. Wani farin ƙwaro da ya shigo daga Kudancin Amurka ya bi gonaki daga Kwango yana nannaɗe ganye yana kashe shuka. Hans Herren na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ya jagoranci kawo wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro daga Faragwai, wanda ke saka ƙwansa cikin ƙwaron ya hallaka shi. An fara sakin zanzaron a Najeriya a 1981, Herren kuma ya karɓi lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995.

Yau Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, da kimanin tan miliyan 60 a shekara, ta bar Burazil a baya nesa ba kusa ba. Gwamnatocin Obasanjo da Jonathan sun yi ta fafutikar a riƙa haɗa garinsa da fulawa a yi burodi, amma masu gidajen burodi ba su rungumi abin ba, galibin rogon ƙasar a kaskon suya da turmi yake ƙarewa.